Rijiyoyin Dakoro da Lissafin da Ake Koya wa Injiniyoyi

Duk wanda ya taɓa kwana a bakin wata babbar rijiya ta ƙasar Dakoro cikin watan Afrilu ko na Mayu ya san yadda gari ke wayewa a wurin. Tun kafin assalatu ake ɗaura igiya ga sa, ko raƙumi, ko jakai biyu. Yaro ya kora su, su yi ta tafiya har su yi nisan da ya kai zurfin rijiyar, sannan guga ya fito, a juye shi a komi, a komo a sake zurawa. Garkunan shanu na tsaye suna jiran layinsu, mata kuma na gefe da tuluna da jarkoki. Da hantsi ya yi, ruwa ya fara ja da baya. Kafin azahar guga na fitowa rabi, ruwan kuma ya gauraye da laka. A nan ne ake dakatawa, kowa ya nemi inuwa, a ce a bari rijiya ta tara.

A wannan zaman jira ne ake yin tambayoyi biyu da suka daɗe suna hana makiyaya da hukumomi barci. Yaushe za ta tara? Dabbobi nawa za ta iya shayarwa a yini ba tare da ta ƙafe ba? Rigingimu da yawa na bakin rijiya daga nan suke tasowa, domin wanda ya kawo garkensa daga nesa ba ya yarda a ce masa ruwa ya ƙare. Waɗannan tambayoyi suna da amsa, kuma amsar tana cikin wani fannin lissafi da ake koya wa ɗaliban aikin injiniya a Yamai da Maraɗi, wanda za a iya kira da Hausa lissafin canji.

Ƙasar da ruwa ke da nisa

Garin Dakoro yana arewa da Maraɗi da wajen kilomita 120. Gundumar tana kan iyakar ƙasar noma da ƙasar kiwo, kuma Kwarin Tarka, tsohon kogi da ya daina gudu tun zamanin da, ya ratsa ta. Dokar watan Mayu na 1961 da ta shata iyakar noma ta wajen arewa ta bi ta wannan yanki. Hausawa manoma da Fulani da Abzinawa duk rijiyoyi guda suke sha. A 2011 aka cire Bermo daga Dakoro aka mai da ita gunduma mai zaman kanta, amma hanyoyin dabbobi da mashayarsu ba su canza ba.

Babu kogi mai gudu a wannan ƙasa, tafkuna kuwa suna ƙafewa ƴan watanni bayan damina. Abin dogaro shi ne ruwan ƙarƙashin ƙasa, shi kuma yana da nisa: rijiyoyi da yawa sun wuce mita 50, waɗansu suna kusantar mita 100. Ruwan yana kwance ne a tsakanin ƙwayoyin rairayi da tsakuwa, kamar yadda jiƙaƙƙen yashi ke riƙe ruwa, kuma a hankali yake tsatsowa cikin rijiya. Tun daga 1963, lokacin da gwamnati ta kafa ma'aikatar OFEDES domin haƙa rijiyoyi da kula da su, aka gina rijiyoyin siminti da yawa a karkara, waɗanda faɗin bakinsu mita 1 da santimita 80 ne. Rijiya mai wannan faɗi, kowane mita guda na ruwan cikinta ya ɗan ɗara lita 2500.

Haƙa irin wannan rijiya a ƙasa mai zurfi aiki ne na watanni, yana cin kuɗi masu yawa, wani lokaci har da rayukan mahaƙa. Sabili da haka kuskure wajen sanin ƙarfinta hasara ce da ƙauye zai daɗe yana ji a jikinsa.

Inda lissafin kasuwa ya tsaya

Lissafin da kowa ya sani, wanda ake koyarwa a lakwal da wuraren yaƙi da jahilci, shi ne na tarawa da ɗebewa da ninkawa da rabawa. Idan tiya guda ta gero dala kaza ce, tiya goma ninki goma ce. Wannan lissafi yana aiki muddin farashin bai motsa ba tsakanin tiyar farko da ta goma. Rijiya kuwa ba ta tafiya a kan wannan ƙa'ida.

A ɗauki misali. Ga rijiyar siminti wadda idan ta huta ruwanta yakan tsaya a wani wuri, a kira shi makwancin ruwa, kuma daga nan zuwa gindinta mita 5 ne. An yi ta ja tun asuba har ruwan ya sauka da mita 4. Wannan mita 4 shi ne giɓin da za ta cike. Aka dakata, aka zura igiya mai ƙulli bayan awa ɗaya, aka tarar ruwan ya hau da mita 1. Mai lissafin kasuwa zai ce: mita 1 a awa 1, ke nan mita 4 a awa 4, a dawo bayan la'asar ta cika.

Masu jan ruwa sun san ba haka abin yake ba. Rijiya takan taso da sauri da farko, sannan ta riƙa sanyi. Dalili shi ne abin da ke turo ruwa cikinta shi ne bambancin da ke tsakanin tsayin ruwan da ke cikin ƙasa da na cikin rijiya. Idan giɓin na da girma, turin na da ƙarfi. Yayin da giɓin ke raguwa, turin ma sai ya ragu. A wannan misali rijiyar tana cike kashi ɗaya cikin huɗu ne na giɓin da ya rage a kowace awa. Bayan awa 1 saura mita 3. Bayan awa 2 saura mita 2 da santimita 25. Bayan awa 3 saura mita 1 da santimita 69. Bayan awa 4, lokacin da aka ce za ta cika, har yanzu da sauran mita 1 da santimita 27. Ko bayan awa 8 akwai sauran santimita 40. A awar farko lita 2500 suka shiga, a ta huɗu wajen lita 1070, a ta takwas lita 340 kacal.

Akwai darasi a nan ga mai garke. Rabin giɓin yana cikewa cikin awa 2 da minti 25, ragowar kuwa sai an kwana. Wanda ya zauna jiran rijiya ta cika fal yana ɓata lokacin dabbobinsa, domin rijiya ta fi ba da ruwa sa'ad da take ƙasa.

Sassa uku na lissafin canji

Abin da ya karya lissafin kasuwa shi ne saurin hawan ruwan yana canzawa a kowane lokaci. Lissafin canji an yi shi ne domin irin waɗannan abubuwa, kuma ɗalibi yana koyonsa a matakai uku.

Mataki na farko shi ne sanin saurin abu a daidai wani lokaci guda, abin da ɗalibai ke kira deribe. Mota ta tashi daga Maraɗi ta isa Dakoro cikin awa 2, sai a ce ta yi gudun kilomita 60 a awa. Amma allurar da ke gaban direba ta nuna 80 a wani wuri, ta nuna 20 a inda hanya ta lalace. Abin da allurar ke nunawa shi ne deribe. Ana samunsa ta hanyar auna canji cikin ɗan lokaci, a rage lokacin, a ƙara rage shi, har a ga lambar da awon ke dosa. A rijiyar misalin nan, a daidai lokacin da aka daina ja, ruwa yana shiga da saurin wajen lita 2900 a awa. A ƙarshen awar farko saurin ya sauka zuwa lita 2200.

Mataki na biyu shi ne tara ƙananan abubuwa marasa adadi a sami jimlarsu, abin da ake kira antegiral. Idan an san saurin shigar ruwa a kowane minti, sai a lissafa abin da ya shiga a minti na farko, da na biyu, da na uku, a tara su duka. In aka yanka lokacin ƙanana ƙwarai, jimlar takan zo daidai ba ragi ba ƙari. Hausawa na cewa yau da gobe shi ya sa allura ginin rijiya. Antegiral shi ne hanyar sanin zurfin da allurar ta kai.

Mataki na uku shi ne ya fi wuya, shi ne kuma injiniya ya fi bukata. Ana kiransa ma'aunin canji, watau jimlar lissafi da ke ɗaure abu da saurin canjin kansa. Ta rijiyar nan, in aka faɗe ta da baki, ita ce: saurin shigar ruwa daidai yake da giɓi a ninka shi da wata lamba ta ita wannan rijiya. A misalin, kowane mita na giɓi yana jawo wajen lita 730 a awa. Wahalar ita ce giɓi ke ba da sauri, sauri kuma ke rage giɓi, kowanne na riƙe da wutsiyar ɗan'uwansa. Warware ma'aunin shi ne fito da ƙa'ida guda da za ta faɗi inda ruwa zai kasance a kowane lokacin da aka tambaya, ko da ba a kai ga lokacin ba tukuna.

Famfon da ya fi ƙarfin rijiya

Amfanin wannan yana fitowa fili ranar da aka ce za a sa wa rijiya famfo. A ce ƙauyen ya sami taimako, aka kawo shawarar famfo mai jan lita 5000 a awa, kowa na murna domin an sami babba. Injiniya zai rubuta cewa canjin ruwan cikin rijiya shi ne abin da ke shiga a ɗebe abin da ke fita. Ruwan mita 5 ne, saboda haka ko an janye shi har gindi, abin da ƙasa za ta iya turowa bai wuce lita 730 sau 5 ba, watau lita 3650 a awa. Famfon ya fi ƙarfin rijiyar. Ma'aunin canji zai nuna masa har lokacin da za ta ƙafe: wajen awa 4 da rabi bayan an tayar da injin. Daga nan famfo ya riƙa zuƙar iska da rairayi, injin ya ƙone. Rairayin da ake zuƙewa kuma yana barin rami a bayan siminti, wanda kan sa gindin rijiya ya rufta.

Da an sa famfo mai jan lita 2500 a awa, ruwan zai sauka da wajen mita 3 da santimita 40, ya tsaya nan, domin a wurin ne abin da ke shiga ya yi daidai da abin da ke fita. Cikin awa 10 ƙaramin famfon zai ba da lita dubu 25, alhali babban bai kai dubu 23 ba kafin ya tsaya.

Da wannan hanya ake amsa tambayar makiyaya. In aka haɗa abin da rijiyar misalin ta tara da dare da abin da take turowa cikin yinin aiki na awa 12, za a sami wajen lita dubu 40. Saniya tana bukatar lita 30 zuwa 40 a rana cikin bazara. Ke nan rijiyar za ta ɗauki shanu wajen 1000, kafin ma a cire ruwan mutane. Kwamitin rijiya da ya san wannan adadi yana da hujjar da zai tsara layi da ita, kuma baƙon da aka ce ya jira zai san ba rowa aka yi masa ba.

Waɗanda suka share hanya

Wannan ilimi aikin al'ummomi da yawa ne. A birnin Alƙahira, cikin ƙarni na 11, Ibn al-Haisam ya lissafa cikin wani mazubi mai lanƙwasa ta hanyar yanka shi faifai-faifai da tara su. A ƙarni na 17 Niyuton a Ingila da Laibnis a Jamus, kowanne a nasa ɓangare, suka gano cewa neman sauri da tara ƙanana aiki guda ne, ɗaya gaba ɗaya baya. Laibnis ya buga nasa a 1684, kuma alamominsa ne ɗalibai ke rubutawa har yau. A 1768 Oila, mutumin Suwis, ya bayyana hanyar warware ma'aunin canji taki-taki, irin yadda aka bi rijiyar nan awa bayan awa. Kwamfuta ma taki-taki take bi, sai dai takunta ƙanana ne kuma ba ta gajiya. Ƙasar Hausa ba baƙuwa ba ce ga ilimin lissafi: Muhammad al-Katsinawi, wanda ya rubuta littafi a kan jera lambobi cikin hatimi a 1732, ya rasu a Alƙahira a 1741 yana malami sananne.

Wanda ya kawo wannan lissafi ga ruwan ƙasa shi ne Darsi, injiniyan birnin Dijon a Faransa. Ya cika bututu da rairayi, ya tura ruwa ta ciki, ya auna. A 1856 ya bayyana cewa yawan ruwan da ke ratsa rairayi yana tafiya da gangaren turin ruwan, da faɗin wurin da yake bi, da kuma irin rairayin. Ƙa'idar giɓi da aka yi amfani da ita a sama ƴar wannan doka ce.

Gwajin rijiya

Misalin da aka bayar an sauƙaƙa shi. A gaskiya idan aka daɗe ana ja, ruwan da ke cikin ƙasa kewaye da rijiya shi ma yana sauka, ya yi kwari mai kama da mazurari, wanda ke ƙara faɗi kullum. In mazurarin wata rijiya ya taɓa na maƙwabciyarta, sai su riƙa cin ruwan juna. A 1935 Tayis, wani masani na Amurka, ya warware ma'aunin wannan mazurari, ya aro lissafin yadda zafi ke ratsa ƙarfe. A 1946 waɗansu masana biyu, Kufa da Yakob, suka sauƙaƙa shi yadda za a iya aiki da shi da takarda da fensir.

Shi ya sa idan an gama haƙa rijiyar burtsatse, wadda ake kira foraji, ba a miƙa ta sai an gwada. Ana tayar da famfo da ƙarfi guda na yini ɗaya zuwa uku, ana auna ruwa a kai a kai, da farko kowane minti, daga baya kowace awa. In an kashe famfo kuma a auna yadda ruwan ke dawowa. Ƙa'idar da aka samu tana da ban mamaki. A ƙasa mai faɗi wadda rairayinta iri ɗaya ne, duk lokacin da tsawon ja ya ninka sau 10, ruwan yana ƙara sauka da awo guda. In ya sauka da mita 1 tsakanin minti 10 da minti 100, zai ƙara mita 1 zuwa minti 1000, watau awa 17. Wani mitan zuwa mako guda, wani zuwa kwana 70, wani kuma zuwa kusan shekara 2. Da gwajin kwana uku injiniya ke hango shekaru, ya san zurfin da zai rataye famfo. Idan kuma awon ya kauce wa ƙa'idar, ruwa ya riƙa sauka da sauri fiye da yadda aka zata, wannan alama ce cewa mazurarin ya ci karo da dutse ko yumɓu, kuma ruwan wurin bai kai yadda ake fata ba.

Da irin wannan lissafi ne, a babban sikeli, ake nazarin ruwan ƙarƙashin ƙasa na yankin Iullemmeden, wanda Nijar da Najeriya da Mali ke tarayya a kansa, ƙasar Dakoro kuma tana bisansa.

Shato da hasken rana

Ruwa in ya fito sai a tara shi a babban tanki na sama, wanda ake kira shato. Nan ma lissafin canji na aiki. Tun ƙarni na 17 Toriceli, mutumin Italiya, ya nuna cewa ƙarfin fitar ruwa daga ƙofar ƙasa yana raguwa yayin da ruwan ke sauka: in tsayin ruwa ya koma kashi ɗaya cikin huɗu, saurin fitarsa ya koma rabi. Kowa na iya gwadawa da tano ko gwangwani mai huda a gindi. In ya ɗauki minti 100 kafin ya tsiyaye, rabin sama zai fita cikin minti 29, rabin ƙasa ya ci minti 71. Injiniya yana la'akari da wannan wajen zaɓen tsayin shato da kaurin bututu, domin unguwar da ke ƙarshen layi ita ma ta sami ruwa da maraice.

Famfuna masu aiki da hasken rana, waɗanda suka yawaita a ƙauyuka, suna da nasu tarkon. Famfon da ke ba da lita 5000 a awa da tsakar rana, wani zai ce cikin awa 10 zai ba da dubu 50. Amma da safe rana ba ta da ƙarfi, da yamma ma haka. In aka tara abin da yake bayarwa minti bayan minti, jimlar takan tsaya wajen kashi biyu cikin uku na wancan adadi, watau dubu 32 ko kusa da haka. Garin da aka yi wa lissafin farko zai wayi gari da ƙarancin lita dubu 18 kowace rana.

Ruwa da ciyawa

Lissafin ruwa kaɗai bai isa ba a ƙasar kiwo. Cikin shekarun 1960 an kafa manyan tashoshin famfo a arewacin ƙasar nan, ruwa ya wadata, dabbobi suka taru fiye da abin da ciyawar kewaye za ta ɗauka. Farin 1973 da 1974, da na 1984, sun nuna illar hakan, garkuna suka mutu da yunwa a kusa da ruwa. Ciyawa ma tana da ma'aunin canjinta: abin da ke tsirowa da damina a ɗebe abin da ake ci. Dokar kiwo ta watan Mayu na 2010 ta sa tazara tsakanin mashaya: kilomita 15 ga rijiyoyin gargajiya, 20 ga na siminti, 30 ga foraji. Injiniyan kirki yana duba ƙarfin rijiya da ƙarfin daji tare, kuma yana sauraren makiyaya, waɗanda suka san daji fiye da shi.

Hanyar ɗalibi

Yaron Kornaka ko yarinyar Birnin Lalle da ke son wannan aiki sai sun bi tsani mai tsawo. A firamare su riƙe rabawa da kashi-kashi da kyau. A koleji su koyi lissafin haruffa, watau aljabara, sunan da ya samo asali daga littafin al-Khawarizmi na Bagadaza. A lise, ajin kusa da ƙarshe, ɗaliban sashen kimiyya ke haɗuwa da deribe, a ajin ƙarshe kuma da antegiral da ma'aunin canji masu sauƙi. Shekaru biyu na farko na karatun injiniya kusan duk a kan wannan suke, domin ƙarfin gada, da tafiyar lantarki cikin waya, da zafin injin, duk da shi ake lissafa su.

Makarantun suna nan. Jami'ar Yamai, wadda aka aza harsashinta a 1971, tun 1992 take ɗauke da sunan Abdu Mumuni, haifaffen Tasawa a jahar Maraɗi a 1929. Shi masanin kimiyya ne da ya shugabanci ma'aikatar binciken hasken rana, ONERSOL, daga 1969, ya kuma zama shugaban jami'ar a 1979, ya rasu a 1991. Tun a littafinsa na 1964 a kan ilimi a Afirka ya yi kira da a koyar da yara cikin harsunansu. Akwai makarantar EMIG ta ma'adinai da masana'antu a Yamai, da cibiyar AGRHYMET da aka kafa a 1974 bayan babban fari. A Wagadugu akwai makarantar injiniyoyin karkara ta ƙasashen Afirka da aka buɗe a 1968, wadda daga baya ta zama 2iE. Maraɗi kanta ta sami jami'a a 2010, wadda ke ɗauke da sunan Ɗan Dikko Ɗankulodo.

Inda ɗalibai suka fi faɗuwa shi ne hadda. Wani ya haddace ƙa'idoji hamsin, amma in aka kai shi bakin rijiya aka ce ya rubuta ma'auninta, sai ya rasa ta inda zai fara. Maganin shi ne malami ya riƙa haɗa allo da fili. Tano mai huda, da igiya mai ƙulli, da agogo sun isa a koyar da darasin farko a kowace makaranta ta gundumar. Ɗalibin da ya iya bayyana wa mahaifinsa da Hausa ko Fulatanci ko Tamashek dalilin da rijiya ke sanyi in ta kusa cika, shi ne ya fahimci karatun.

Abin da ya rataya a wuyan kowa

Ma'auni ba ya aiki sai da awo. Injiniya mafi ƙwarewa, in ba a ba shi lambobin gaskiya ba, zato kawai zai yi. A nan ne waɗanda suka fito daga yaƙi da jahilci ke da babban matsayi. Kowane kwamitin rijiya zai iya ajiye littafi guda, a riƙa rubuta ranar wata, da zurfin ruwa da asuba kafin a fara ja, da zurfinsa lokacin da aka daina. Sau ɗaya a mako ya isa. Littafin shekara biyar zai nuna ko makwancin ruwa na sauka, zai kuma nuna ranar da rijiya ta fara cikewa da rairayi tana bukatar yasa.

Shugabannin gundumomi da magadan gari, su kuma, ya kamata kafin su sa hannu a takardar karɓar rijiya ko foraji su nemi a nuna musu sakamakon gwaji, a ajiye kwafinsa a ofis inda wanda zai gaje su zai same shi. Kada a sayi famfo sai an san abin da rijiyar ke iya bayarwa, don kada a wayi gari rijiya ta bayar guga ya hana.

Iyaye kuwa su yi haƙuri da yaron da ya ɗauki hanyar lissafi, mace ko namiji. Hanya ce mai tsawo, ba ta kawo kuɗi da wuri, kuma ana bukatar hannunsa a gona da wajen kiwo. Amma da ruwan ciki ake jan na rijiya. Ƙasar da ruwanta ke mita 80 ƙarƙashin rairayi tana bukatar ƴaƴanta da za su iya faɗin iyakar kowace rijiya tun kafin a zuba kuɗi a cikinta. Allah ya ba da damina mai albarka, ya kuma ƙara wa ɗalibai basira.